Askar Kakana da Dangin Ciwon Hanta

Zabirar kakana tana nan rataye a zauren gidanmu a Giyawa. Fatar ta bushe ta yi baƙi, amma kayan suna ciki: aska uku, ƙaho biyu, ƙoshiya, da ɗan dutsen wasa aska wanda tsakiyarsa ta lotsa don yawan guga. Da su ya yi wa 'ya'yan garinmu da na ƙauyukan Goronyo askin suna, ya cire musu beli, ya yi wa samari kaciya a lokacin ɗari, ya zana wa Gobirawa tsagarsu ta gado, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ranar kasuwa kuwa dattawa kan jeru a inuwa, ya kafa musu ƙaho a gadon baya, ya zuƙe iskar da bakinsa.

Shekarun baya na je Sakkwato ba ƙanwata jini, aka gwada aka ce ba za a ɗiba ba, ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani ma'aikaci da ya ji gidanmu gidan wanzamai ne ya ce mini, "Ai ku kuka raba wa jama'a." Maganar ta tsaya mini a rai, ita ta sa na shiga bin asalin cutar.

Mu da shawara muka sani, idan ido ya yi ɗorawa a jiƙa saiwar rawaya a sha. Sai a 1965 wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya bayyana alamar ƙwayar a cikin jini. Daga baya aka gane ƙwayar nau'in B ɗin ita ma dangi-dangi ce, aka laƙa musu haruffa daga A har zuwa J, kuma kowane dangi da ƙasarsa, tamkar tsagar fuska. B da C na Sin da Japan da maƙwabtansu ne. D ya fi yawa a ƙasashen Larabawa da Indiya da bakin Bahar Rum. F da H na mutanen asali na nahiyar Amurka ne. A ya bazu a arewacin Turai da gabashi da kudancin Afirka. Namu shi ne E, wanda ya mamaye daga Senegal har Angola, kuma da wuya a same shi a wani waje sai a jikin wanda ya fito daga nan.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne ƙuruciyar E. Idan aka ɗauki ƙwayar daga mutumin Mali da ta mutumin Najeriya aka gwama, bambancinsu ɗan kaɗan ne, alamar kakansu ɗaya kuma bai yi nisa ba. Ga kuma shaida ta biyu, wadda ta fi shiga raina. Zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke zaune a ribaɗinsa na Wurno, Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙe aka sayar sun riga sun yi yawa a Bahiya ta ƙasar Brazil. Bayi Musulmi sun yi bore a can a 1835, shekara biyu kafin rasuwar Bello a Wurno. Waɗannan mutane an yi musu askin suna da kaciya da tsaga a gida kafin a fitar da su. Da E ya cika ƙasar nan a lokacin, da ya haye teku a jininsu. Amma yau idan aka gwada jikokin bayi a Brazil da Haiti, dangin A aka fi samu, E kuwa nadiran.

Ke nan wanzanci ya girmi bazuwar E nesa ba kusa ba. Aska tana aikinta tun kafin jihadi, E bai game ƙasa ba sai bayan an daina fataucin bayi ta teku. Dole wani sabon abu ya shigo, kuma abin da masana da yawa suke zato shi ne allura. A zamanin Turawa an yi ta jera jama'a gari guda ana yi musu lamba da allurai da kayan da ake maimaitawa. Daga 1967 aka yi gangamin yaƙi da agana da ƙyanda a ƙasashe ashirin na yammaci da tsakiyar Afirka da bindigar allura mai harba magani ta cikin fata. Ga kuma 'yan allurar kasuwa, waɗanda ni ma na riska, sirinjin gilashi ɗaya a cikin gwangwanin ruwan zafi, shi ne na kowa. Ba na zagin wancan gangami. Shi ya raba mu da agana, wadda tun 1970 ba a ƙara ganinta a Najeriya ba, kuma duk wanda ya ga fuskar tsohon da ta ci ya san girman wannan ni'ima. Allurar asibiti ta yau ma sau ɗaya ake amfani da ita a jefar.

Ban kuma wanke askar kakana ba. Da zarar ƙwayar ta shiga gari, askar da ta taɓa jinin yara goma a safiya ɗaya, ana goge ta a tafin hannu, za ta iya kai ta gida goma. Jaririn da ya kamu kuwa, tara cikin goma da ita za su girma, shiru, har ranar da ciki zai kumbura. Binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya ɗauke da ita.

Tun 2004 rigakafinta yake cikin alluran yara na gwamnati, kyauta, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin kwana ɗaya da haihuwa. A Giyawa da Rabah da Wurno yawancin matanmu a ɗaki suke haihuwa, wanzami ke riga malamin asibiti ganin jariri. Don haka da 'yan'uwana masu zabira nake: sabuwar reza ga kowane kai, kuma kafin ku ɗora ta ranar suna, ku tambayi uban yaro ko an kai shi allurar hanta. Idan ya ce a'a, ku sa shi gaba ku raka shi.