Yadda Ɗayyib Salih Ya Raini Mutanen Wad Hamid

Daga tashar Suk al-Shabi ta Omdurman matafiya suka saba hawa mota zuwa arewacin Sudan, ƙasar dabino da ke bakin kogin Nilu. A wannan yanki, a ƙauyen Karmakol, aka haifi marubuci Ɗayyib Salih a 1929. Ya yi karatu a Wadi Sayyidna da Khartoum, sannan ya tafi Landan ya kama aiki da sashen Larabci na BBC. Yana can a baƙunta ya ƙirƙiro ƙauyen Wad Hamid, ya zuba masa irin mutanen da ya taso a cikinsu.

Tubalin farko shi ne gajeren labarinsa na 1960 a kan goribar Wad Hamid, wadda mutanen gari suka hana hukuma sarewa. Daga nan bai sake ƙauye ba. A littafinsa Urs al-Zain ya fito da Zain, mai haƙora biyu rak, wanda gari ke wa kallon wawa, amma duk yarinyar da ya yi shelar yana so sai manema su yi mata caa. Waliyyi Hanin ne ya san darajarsa.

A 1966 mujallar Hiwar ta Beirut ta buga littafinsa Mausim al-Hijra ila al-Shamal, inda baƙo Mustafa Sa'id ya sauka a ƙauyen. Marubucin ya sa haihuwar Mustafa a 1898, shekarar da Turawan Ingila suka murƙushe dakarun Mahadiyya a Karari, don haka tun daga zanin goyo yana ɗauke da tabon mulkin mallaka. Ga basira, ga mugunta, har mai karatu ya rasa inda zai ajiye shi.

Babbar dabarar marubucin kuwa tana jikin Mahjub, wani ɗan ƙauyen da ke fitowa a littattafansa. Ya bayyana cikin dattawan da ke juya al'amuran gari, ya shugabanci ƙungiyar manoma, sai ga shi a littafin Bandar Shah na 1971 matasa sun tuɓe shi. Mai karatu ya ga ƙarfinsa, ya ga tsufansa, shi ya sa yake jin sa kamar maƙwabci.

Ɗayyib Salih ya rasu a Landan a 2009, aka binne shi a Omdurman. Darasinsa ga marubutanmu a fili yake: tauraron labari sai an ba shi gari, da maƙwabta, da aibi, da shekarun da za su canza shi.