Daga Daddawa Zuwa Maggi: Tarihin Tukunyar Talaka

 A bana na ga ya kamata mu ɗan huta da tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, mu leƙa madafi. Dalili kuwa shi ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu inda magidanta biyu za su haɗu ba su yi zancen cefane ba. A tsakiyar shekarar 2024 alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. To a irin wannan hali kowane gida yakan koma ga tsohuwar tambaya, watau yaya za a yi miya ta yi daɗi alhali babu nama? Kakanninmu sun amsa ta da daddawa, zamaninmu kuma ya amsa da ɗan dunƙulen nan da ke cikin takarda mai ruwan ɗorawa da ja. Kowannensu yana da tarihinsa.

Bari mu fara da ta gida. Ɗorawa itaciya ce da manomin ƙasar Hausa ba ya sarewa idan yana sharar gona, don kuwa babu abin yarwa a jikinta. Garin da ke cikin 'ya'yanta yara na sha, ɓawon kuma ana jiƙa shi a sami makuba ta yin daɓe da shafen katanga, ƙwayar da ke ciki, wato kalwa, ita ce uwar daddawa. Jam'in ɗorawa shi ne ɗorayi, kuma mutanen Kano sun san unguwar da ke ɗauke da wannan suna. Masana tsirrai na Turai suna kiran itaciyar Parkia biglobosa, sunan da aka ba jinsinta a 1826 don tunawa da Mungo Park, Baturen nan da ya zo neman sanin inda kogin Kwara ya nufa, ya halaka a Busa a 1806. Abin dariya, itaciyar da ta ciyar da mutane ɗaruruwan shekaru ta tashi da sunan baƙon da ya wuce ta gindinta sau ɗaya ko biyu. Shi ma Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambaci daddawa a cikin abubuwan da ya ga ana ciniki a kasuwannin ƙasar nan.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake yin daddawa ya san aiki ne na mai haƙuri. Da bazara ake kaɗo ɗorawa, a raba gari da ƙwaya, a wanke kalwar a shanya. Ranar aiki sai a zuba ta a babbar tukunya a yi ta iza wuta, wani lokaci wuni guda har da dare, domin ɓawon kalwa tauri gare shi kamar tsakuwa. In ta yi laushi a zuba a turmi a surfa da toka ko yashi, a kai rafi ko bakin rijiya a yi ta wankewa har ɓawon ya fita. A sake dafawa kaɗan, a tsane, a juye a kwando ko masaki tun da zafinta, a lulluɓe da ganye da tsumma a ajiye a ɗaki mai ɗumi. Kwana biyu zuwa uku sai wari ya sanar da maƙwabta cewa ta nuna. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa, a shanya a rana har ta yi baƙi ta bushe. Baƙin nan ne ya sa Bahaushe ke misali da daddawar da ta yi wa manda gorin baƙi.

Abin da ke faruwa a cikin kwandon nan da aka rufe, malamanmu na kimiyya za su fi ni iya bayaninsa. A taƙaice, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira Bacillus subtilis, su ne ke farfasa furotin ɗin da ke cikin kalwa, sai wani sinadari mai suna gulutamet ya fito. Shi ne ke sa harshe ya ji kamar an sa nama a miya. Mu riƙe sunan wannan sinadari, don za mu sake gamuwa da shi a gaba. Ban da ɗanɗano, wajen kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daddawa furotin ne, ga kuma mai. Saboda haka miyar kuka ta gidan talaka, wadda ba ta wuce garin kuka da daddawa da barkono da 'yar kanwa da gishiri ba, ta fi ƙarfin a raina ta. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, musamman can arewa wajen Nijar, sai mata su yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Kuma ba mu kaɗai muka san wannan hikima ba: Yarbawa na ce mata iru, mutanen Mali da Barkina Faso sumbala, Wolof na Senegal netetu, a Gana kuwa dawadawa, wanda kowa ya ji ya san bakin Hausa ne.

To shi kuma ɗan dunƙulen daga ina? Maggi sunan mutum ne. Julius Maggi an haife shi a 1846 a ƙasar Suwizalan, mahaifinsa ɗan ci-rani ne daga Italiya mai sana'ar niƙa. A 1869 Julius ya karɓi injin niƙan gidansu da ke Kemptthal. Lokacin masaƙu da masana'antu sun cika ƙasar, mata sun bar gida suna wuni a bakin inji, babu lokacin dafa wake ko alkama, nama kuwa ya fi ƙarfin aljihun lebura. Yara suna ramewa. Wani likita mai duba masana'antu, Fridolin Schuler, ya ɗaga murya a kan haka a 1882, ya ce a nemo abinci mai gina jiki, mai araha, mai saurin dahuwa. Shi ne suka haɗa kai da Maggi, aka shiga niƙa wake da danginsa ana sarrafa garin. Garin farko da ya fito a 1884 bai samu karɓuwa sosai ba, don ba shi da daɗi. A 1886 ya fito da garin miya da ake kaɗawa a ruwan zafi, da kuma ruwan ɗanɗano na kwalba. Dunƙulen da muka sani sai a 1908 ya bayyana, shekara huɗu kafin rasuwarsa a 1912. Kamfanin Nestlé ya haɗe harkar a 1947.

Kun ga ke nan abin da a ƙauyukanmu aka ɗauka kayan 'yan gayu ne, asalinsa abincin matan lebura ne, kuma daga wake ya faro kamar yadda daddawa ta faro daga kalwa. Wani abin mamaki kuma, a wannan shekara ta 1908 ce wani farfesa a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace gulutamet daga wata ciyawar teku da Japanawa ke miya da ita, ya tabbatar shi ne sirrin ɗanɗanon. Shekara ɗaya bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda matanmu ke kira farin magi. Sinadarin da farfesan ya tace a ɗakin bincike, shi ne dai wanda tsohuwa ke samarwa a kwandonta cikin kwana uku.

Nestlé ya buɗe harka a Nijeriya a 1961, amma dunƙulen bai zama ruwan dare ba sai da kuɗin mai suka shigo. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 ma'aikata suka cika birane, shinkafa da miyar tumatir suka zama abincin yau da kullum maimakon na ranar salla, rediyo da talabijin suka dage da talla. Amarya 'yar makaranta da aka kai gidan haya, ɗaki ɗaya da falo, ba ta da inda za ta kai warin daddawa, maƙwabta ma ba za su bar ta ba. Sai dai a ganina, abin da ya kafa dunƙulen da gindinsa shi ne wahala, fiye da jin daɗi. Da gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin SAP na Janar Babangida ya biyo baya a 1986, darajar naira ta faɗi, nama ya ƙaurace wa tukwane da yawa. Mai tebur a ƙofar gida yana sayar da dunƙule ɗai-ɗai, ko yaro aka aika da 'yan kwabbai zai sayo. Ba ya lalacewa, ba ya buƙatar daka, kuma ɗanɗanonsa na yau shi ne na gobe. Mu da muka yi makarantar kwana a waɗannan shekaru mun san darajarsa: wanda ya dawo hutu da gwangwanin yaji mai Maggi da ƙuli-ƙuli ba ya rasa abokai a ɗakin cin abinci, ranar da miyar kuku ta zo tsararo.

Ba a bar daddawa ta faɗi ba tare da kokawa ba. A shekarun 1990 kamfanin Cadbury na Nijeriya ya fito da nasa dunƙulen da ya sa wa suna Dadawa, ko da yake bai daɗe a kasuwa ba. Mata a kudancin Kaduna da Binuwai kuma suka koma yin daddawa da waken soya, wanda ya fi kalwa saurin dahuwa nesa ba kusa ba, ga sauƙin itace. Su kansu masu Maggi sun gane abin da harshen ɗan Afirka ta Yamma ke nema, shi ya sa suke sa ruɓaɓɓen waken soya a cikin dunƙulen da suke yi wa ƙasar nan. Wato baƙon da ya zo ya ture daddawa sai da ya ari warinta kafin ya zauna.

Yanzu sai mu yi lissafi irin na magidanci. Ɗan dunƙulen nauyinsa giram 4 ne, kuma kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, saura gulutamet da sitaci da mai da kayan ƙamshi. Gaskiya ne ana sa masa aidin, kuma tun 2012 aka fara ƙara masa sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne ga mata da yara. Amma ba ya ƙara wa miya abin gina jiki na a zo a gani. Iyalin da suka bar daddawa suka koma masa ɗungurungum sun sami ɗanɗanon nama, sun rasa ɗan abin da ke maye gurbin naman. Sannan ga batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a wuni. Uwargida ta jefa dunƙule huɗu ko biyar a tukunya, ta ƙara farin magi, ta kuma barbaɗa gishiri kamar yadda ta ga uwarta na yi a zamanin da daddawa kaɗai ake sawa. Da yawa daga cikinmu yanzu mun kai shekarun da likita ke ɗaura mana awon hawan jini a dantse, don haka wannan zance ya shafe mu kai tsaye.

Ita ma daddawar ba ta da arha kamar da. Ɗorawa takan ɗauki shekaru kusan goma kafin ta yi 'ya'ya na kirki, masu gawayi da masu yanka filaye kuwa ba sa jira. Itacen da za a wuni ana izawa a ƙarƙashin tukunyar kalwa shi ma kuɗi ne. Matan da ke wannan sana'a, waɗanda da ita suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, yawancinsu sun manyanta, 'yan mata kuma ba su cika son hannunsu ya yi wari ba. Duk da haka, ku shiga kasuwar kowane ƙauye ranar cinta, za ku tarar da layin masu daddawa da fayafayansu. A gidaje da yawa kuma an daɗe da yin sulhu: in miyar kuka ce ko kuɓewa busasshiya ko karkashi, daddawa ce a gaba, a bi ta da dunƙule ɗaya, a rage gishiri; in dafa-duka ce ko miyar tumatir, sai a bar wa dunƙulen fili.