Dutsi, Tsohon Gidan Zamfarawa

Masu ba da tarihin Zamfara ba daga Anka suke farawa ba, balle Gusau, wadda sai a 1996 ta zama babban birnin jiha. Daga Dutsi suke ɗauko zare, wani gari a ƙasar Zurmi, ƙaramar hukuma ɗaya da Birnin Tsaba da Dauran da Moriki. Yau Dutsi da 'Yanbuki mazaɓa guda suke, amma nan ne gidan sarautar Zamfarawa na farko.

Tarihin baka ya ce Dakka ne sarki na farko, kuma shi da magadansa samudawa ne. Akwai wasu zabga-zabgan kusheyi a garin da ake cewa nasu ne. Ko samudawa ne ko a'a, ban damu in yi gardama ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaɓen mazaunin da suka yi a cikin duwatsu. Dutse ganuwa ce da ba a yi gayyar ginin ta ba, daga kansa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, a gindinsa kuma ƙasa kan riƙe laima bayan ta fili ta bushe. Daga gidan sarautar Dutsi aka samu sarauniya 'Yargoje, kafin sarki Bakurukuru ya sauka fili ya kafa Birnin Zamfara, can wajen Isa. Birnin ya bunƙasa, ya tara fatake da malamai, har Gobirawa ƙarƙashin sarkinsu Babari suka ci shi a shekarun 1760 suka kafa Alƙalawa, ita ma masu jihadi suka ci ta a 1808. Sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura har ta tabbata a Anka. Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Sakkwato, a kan tashi da faɗuwar wannan daula ya rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya a 1977.

Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta ƙasar Zurmi a 1853 daga Katsina zuwa ƙasar Sakkwato. Bayan ya baro Zurmi ya shiga Dutsi, kuma garin ya burge shi har ya bayyana shi a littafinsa: duwatsu a sarƙe da juna, wani ɗan kwazazzabo ya ratsa tsakani, gidaje a warwatse gungu-gungu a cikin lungunan dutsen. Mutumin da ya ƙetaro Sahara ne fa wannan.

Wanda duk ya taso a gindin dutse a wannan yanki ya san abin da Barth ya gani. Da rani dutsen kan yi fari fat da ƙurar hunturu, da azahar ba mai iya taka shi ba takalmi. Ruwan farko na sauka sai ya koma baƙi wuluk yana sheƙi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, kowane kwarmi ya cika da ruwa garai-garai, kafin mako ya zagayo ciyawa ta leƙo daga tsagar da ba ka zaci akwai ƙasa a cikinta ba. A lokacin ne gawo ke kakkaɓe ganye, sauran itatuwa na tohuwa. Da kaka falalen dutse kan zama wurin shanya, mata su baza barkono da yankakkiyar kuɓewa, a bar yarinya da tsumagiya tana korar awaki. Idan la'asar ta yi sanyi, manomin da ya wuni a duƙe kan hau ya zauna ya miƙe ƙafa, iska na bugun sa, gonarsa da ta maƙwabta shimfiɗe a gabansa. Ba ya kiran wannan yawon buɗe ido, amma ya fi mai biyan kuɗin jirgi sanin daɗinsa.

Sai dai shekarun nan sun ɓata wa duwatsu da dazuzzukan Zurmi suna. Lungunan da suka ɓoye kakanni daga mahara, irinsu ne 'yan bindiga ke fakewa a ciki, ƙauyuka da dama sun watse, gonakin nesa da gari sun koma saura. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, in yana son ganin kushewar Dakka da idonsa, sai ya fara zuwa tasha ya tambayi direbobi ko yau hanya lafiya.