Mazubi da Abin Zubawa: Tarihin Kwafar Rubutu a Zuciyar Kwamfuta

Kowace wayar Android da ake cinikin kifi da ita a Yawuri, ko ake tura kuɗi da ita a kasuwar Wara, a kan zuciyar manhajar Linux take tafiya. Wannan zuciya ita ke raba ma'ajiyar wayar ga sauran manhajoji, kuma galibinta da harshen C aka rubuta ta. Ɗaya daga cikin tsofaffin matsalolinta ita ce yadda za a kwafi rubutu daga wuri zuwa wuri ba tare da ya yi ambaliya ba.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiri C a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970. A wannan harshe, jerin haruffa ba ya ɗauke da tsawonsa. Sifiri ake sawa a ƙarshensa don alamar tsayawa. Umarnin strcpy yakan yi ta kwafa har ya tarar da sifirin, ba ya tambayar girman mazubin da yake zubawa. In an tanadi gurbin haruffa 16 aka zuba 40, rarar sai ta malala ta taka abin da ke maƙwabtaka, wani lokaci har da adireshin da injin zai koma bayan ya gama aikin. Wanda ya iya tsara wannan rara, shi ke juya akalar injin.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 2 ga Nuwamba 1988, Robert Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Cikin ƙofofin da ta bi har da umarnin gets, wanda shi ma ba ya auna mazubi. A 1996 mujallar Phrack ta buga bayanin dabarar filla-filla, ta zama sananniya ga kowa.

Da yawa sun koma ga strncpy saboda yana karɓar iyaka. Amma an ƙera shi ne don gurabe masu tsayayyen tsawo, irin sunayen fayil na tsohuwar Unix masu haruffa 14. Idan rubutu ya cika mazubin, ba ya sa sifirin ƙarshe, sai mai karantawa na gaba ya zarce cikin abin da ba nasa ba.

A 1998 Todd Miller da Theo de Raadt suka shigar da strlcpy cikin OpenBSD. Shi yana rufe rubutu da sifiri, yana kuma faɗin tsawon asalin don a gane ko an datse. Sai dai kafin ya faɗi tsawon dole ya karanta asalin har ƙarshe, ko da ya wuce iyakar da aka ba shi. A zuciyar manhaja, inda ba a amince da kowane rubutu ba, wannan ma haɗari ne.

Don haka a 2015 Linux 4.3 ta zo da strscpy, wanda Chris Metcalf ya rubuta. Ba ya karanta fiye da iyaka, yana rufewa da sifiri, kuma in rubutu bai shiga ba yakan mayar da alamar kuskure ƙarara. Amma sauya tsofaffin layuka ɗaya bayan ɗaya, tare da duba kowanne, ya ci shekaru. Sai a Linux 6.8, cikin 2024, aka cire strlcpy baki ɗaya.

Gyaran ba ya isa hannun mai waya sai kamfanin da ya ƙera ta ya aiko da sabuntawa. Wayar da aka daina sabuntawa tana nan da tsohuwar zuciyarta da duk tsagar da aka gano a cikinta daga baya, kuma a cikinta ake ajiye lambar sirrin asusun banki.