Daga Shanwick zuwa Mayday: Kalmomin da ke Riƙe da Jirgi a Kan Teku

Duk wanda ya buɗe taswira yana neman garin Shanwick zai gaji bai same shi ba. Babu gari mai wannan suna, amma kowane dare matuƙan jiragen sama masu tsallaka arewacin Tekun Atlantika suna kiransa ta rediyo, kuma ana amsa musu. Sunaye biyu aka gutsura aka haɗa: Shannon ta ƙasar Ayalan da Prestwick ta Sikotilan. Tun 1966 Ayalan da Birtaniya suka raba aikin. Jami'an da ke tsara wa jirage hanya suna zaune a Prestwick, masu magana da matuƙa kuma suna Ballygirreen, kusa da Shannon. Ikonsu ya tsaya a layin digiri 30 yamma, wajen tsakiyar teku, daga nan sai Gander ta Kanada ta karɓa.

Abin lura a wannan suna shi ne, muryar da matuƙi ke ji ba ta mai yanke hukunci ba ce. Rediyon da jirgi ke amfani da ita a kan tudu ba ta wuce kimanin mil 200 daga gaɓar teku, haka ma na'urar rada. Da an wuce nan sai a koma gajeren zango, wanda duk mai sauraron labarai da asuba a tsohuwar rediyo ya san halinsa: shuuu, ƙara, murya ta zo ta tafi. A cikin wannan hayaniya ma'aikacin rediyo zai rubuta abin da matuƙi ya faɗa, ya aika wa jami'i, ya jira amsa, ya karanto wa matuƙi. Ɗan aike ne. Shi ya sa aka ɗaure masa baki da mabuɗan magana da ba ya sauyawa. In ya fara da "ATC clears" (ATC na nufin jami'an da ke tsara wa jirage hanya), izini ne. In "ATC advises" ne, sanarwa ce kawai. In kuwa "ATC requests" ne, tambaya ake yi. Sau da yawa jami'i ya tambayi matuƙi yaushe zai iya ƙara hawa sama, shi kuma ya ji kamar an ce ya hau. Kuskuren kuwa mai hatsari ne, domin tun 1997 tazarar da ke tsakanin jirgi da na samansa a wannan hanya ƙafa 1,000 ce kacal.

Ba mai iya sauraron wannan ƙara awa huɗu ko biyar, don haka aka ƙirƙiro SELCAL, gajeren sunan kira na musamman. Kowane jirgi yana da lambarsa ta haruffa huɗu. Matuƙa su rage murya, in ana nemansu ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin tuƙi. Tsohon tsarin lambobi 10,920 kawai yake iya bayarwa, jirage kuma sun fi haka, saboda haka akan sami jirage biyu da lamba ɗaya. Ƙararrawa ba ta isa shaida ba, sai ka ji an ambaci sunan jirginka.

Kalmar da ta fi kowace shahara, kuma ta fi kowace ruɗa mutane, ita ce Roger. Ba sunan wani matuƙi ba ne. A zamanin wayar tangaraho, harafin R shi kaɗai ake bugawa don a ce saƙo ya iso. Da aka koma magana da baki, jerin haruffan da sojojin Amurka da Birtaniya ke amfani da shi yana kiran R da Roger. A 1956 aka kawo sabon jeri, na Alfa, Bravo, Charlie, R ya zama Romeo, amma Roger ya ƙi tafiya. Ma'anarsa ɗaya ce tak: duk abin da ka faɗa ya iso kunnena. Bai ce na yarda ba, bai ce zan yi ba. Bahaushe ya san wannan rami sarai, domin "to" ɗinmu haka take. Yaro zai ce wa mahaifinsa "to, Baba", kuma sai gobe za a san ko alkawari ya yi ko kuwa ji kawai ya yi. A sama ba a jiran gobe. Mai nufin zai aikata sai ya ce Wilco. Mai nufin eh sai ya ce Affirm, an datse mata wutsiya da gangan, domin cikakkiyar kalmar ƙarshenta ɗaya da na Negative, in farkon ya ɓace a cikin ƙara ba a san wacce aka faɗa ba. Lambobi ma an lanƙwasa musu baki: tara ta zama niner, biyar ta zama fife, don kada su yi kama a kunne. Muhimmin umarni kuwa, na tsawo ko na hanya, dole matuƙi ya maimaita shi kalma da kalma, jami'i yana saurare.

Wannan tsanani da jini aka saye shi. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am wanda ya tsallako teku daga New York, suna kan titi ɗaya cikin hazo mai kauri. Mataimakin matuƙin KLM ya maimaita hanyar da aka ba su, ya ƙara da cewa yanzu suna "at takeoff". Jami'in hasumiya, wanda ba ya ganin titin, ya ɗauka suna tsaye a bakin layi, ya ce "OK", sannan ya ce su dakata zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am suka danna rediyo suna cewa har yanzu suna kan titin. Muryoyin biyu suka yi karo suka zama ƙugi, abin da ya isa kunnen KLM da kyau shi ne "OK". Mutum 583 suka mutu. Tun daga nan kalmar takeoff ta zama haramun a bakin kowa sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. A duk sauran magana departure ake cewa.

Mayday kuwa ba ta da alaƙa da watan Mayu. Frederick Mockford, jami'in rediyo a filin jirgin Croydon na Landan, shi ya kawo ta a farkon shekarun 1920. Yawancin jiragen lokacin tsakanin Landan da Paris suke kai da komowa, sai ya ɗauko lafazin Faransanci na neman agaji wanda Bature ɗan Ingila ma zai iya furtawa. Taron ƙasa da ƙasa na Washington ya amince da ita a 1927. Sau uku ake faɗinta a jere. Ƙanwarta Pan-pan, ita ma daga Faransanci, ta matsala ce mai gaggawa wadda ba ta kai ga barazanar rai ba.

Rashin furta irin wannan kalma shi ya ci jirgin Avianca mai lamba 52, ranar 25 ga Janairu 1990. Ya taso daga Kolombiya zuwa New York, aka riƙe shi yana shawagi fiye da awa ɗaya saboda mummunan yanayi. Mataimakin matuƙi ya nemi "priority", wato a sa su gaba. Daga baya kyaftin ya umarce shi da Sifaniyanci ya shaida wa jami'ai suna cikin halin gaggawa, shi kuma abin da ya faɗa ta rediyo shi ne mai yana ƙare musu. Bai ce emergency ba, bai ce Mayday ba. Injuna huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya faɗi a Cove Neck, mutum 73 cikin 158 suka rasu. An saba a ɗora wa matuƙan laifin duka, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Wanda aka ce wa mai yana ƙarewa, ya kamata ya tambaya saura minti nawa, ko da kalmar ba ta cikin littafinsa. Masu binciken Amurka su ma sun ambaci rashin tsayayyun kalmomin ƙarancin mai cikin abubuwan da suka taimaka wa hatsarin. Sai a 2012 hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta tsayar da matakai biyu: "minimum fuel" ga wanda ba zai jure ƙarin jinkiri ba, da "Mayday fuel" ga wanda zai sauka da ƙasa da man ajiyar ƙarshe.

Yau yawancin jiragen da ke tsallaka Atlantika rubutaccen saƙo suke musaya da jami'ai ta tauraron ɗan'adam, tsarin da ake kira CPDLC, gajeren zango ya koma na ko-ta-kwana. Ƙara ta ragu, lafazi ya daina zama matsala, amma tsofaffin kalmomin sun biyo baya: amsoshin da ke kan allon su ne Wilco, Unable, Standby da Roger. Kuskuren ma ya biyo. Masu bin diddigin kurakuran wannan hanya sun daɗe suna jan kunne kan ƙananan kalmomi biyu, "at" da "by". Ta farko tana nufin kada ka fara hawa sai ka kai wuri kaza ko lokaci kaza. Ta biyu tana nufin ka riga ka gama hawa kafin ka kai can. Matuƙin da ya yi awa shida a kujera, tsakar dare, Ingilishi kuma ba harshen uwarsa ba, idonsa zai iya tsallake haruffa biyun ya faɗa kan lambar tsawo. Saboda haka ake koyar da cewa in saƙo ya shigo, kowane matuƙi ya karanta shi a zuciyarsa shi kaɗai, sannan su faɗa wa juna abin da kowa ya fahimta, kafin ɗayansu ya danna Wilco.