Daga Roba Zuwa Gam: Tarihin Riƙe Gilashin Gaban Mota

Mai farfaɗo da tsohuwar mota yana da rana guda da gabansa ke faɗuwa, ita ce ranar ɗora gilashin gaba. An gama aikin ƙarfe, mai fenti ya sallame shi, inji ya tashi, ga gilashin da aka sha wuya kafin a samo shi yana jingine a bango. Da me za a riƙe shi? Wani zai ce roba ta wadatar, wani ya ce butil, wani ya ce ai yanzu yuretan ake yayi. Dukansu suna da gaskiya, sai dai kowa motar wani zamani yake nufi. Aikin da masu ƙera mota suka ɗora wa gilashin gaba ya yi ta sauyawa, abin riƙe shi kuma aikin yake bi.

Motocin farko ba su da gilashi ko kaɗan, direba tabarau yake sawa saboda ƙura da ƙwari. Wajen 1904 aka fara kafa gilashi irin na tagar gida a cikin firam ɗin ƙarfe, kuma ko Ford Model T ta 1908 sai mai saye ya ƙara kuɗi ake sa masa. Ya tare iska, amma idan aka yi karo sai ya fashe dogo-dogo mai kaifi, ya yi wa mutane raunin da ya fi na karon kansa.

Maganin ya fito daga Faransa. Ana ba da labarin cewa a 1903 wata kwalba ta faɗo daga kanta a ɗakin gwajin wani masanin sinadarai, Édouard Bénédictus, ta tsage amma ba ta tarwatse ba, domin wani sinadari ya bushe a cikinta ya riƙe gutsattsarin. A 1909 ya yi rajistar fasahar: gilashi biyu da fallen selulod a tsakani, abin da aka sayar da sunan Triplex. Masu mota ba su yi rububinsa ba saboda tsada, sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo aka yi amfani da shi a idon takunkumin kariya daga iskar guba. A ƙarshen 1927 Ford ya sa shi a kowace Model A, a 1930 kuma majalisar Birtaniya ta wajabta gilashin kariya a gaban sababbin motoci. Aibin selulod shi ne rana tana mayar da shi rawaya, danshi kuma yana ɓamɓare shi daga gefe. Shi ya sa aka koma wani sinadari da ake kira PVB, wanda wasu masana biyu suka haɗa a Kanada a 1927, ya mamaye kasuwa kafin 1940, kuma har yau shi ne a tsakiyar gilashin motarka. Turai kuwa ta daɗe tana sa wani nau'i dabam, gilashi falle ɗaya da aka gasa. Tsofaffin direbobi sun san shi: tsakuwa ɗaya ta tashi daga tayar babbar mota, gaba ɗayansa ya koma fari fat, ba a ganin hanya.

Daga shekarun 1930, da yin jikin mota da ƙarfe zalla ya yaɗu, sai zamanin roba ya kama. Robar zobe ce mai kauri da ke zagaye gilashin, tana da kwari biyu, ɗaya yana cin gefen gilashi, ɗaya yana cin leɓen ƙarfen motar, sau da yawa da na uku na ƙarfen ado mai ƙyalli. Hikimarta ita ce gilashin bai taɓa ƙarfe, bai kuma ɗauki nauyin komai ba. Jikin motocin wancan lokaci yana murɗawa a gargada, robar ke shanye murɗawar, gilashin yana zaune lafiya. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, da a-kori-kura 404, da Volkswagen Beetle da aka haɗa a Legas, duk 'yan wannan tsari ne.

Sa shi aiki ne na mutum biyu da igiya, kuma yana da daɗin kallo a hannun gwani. Ana fara sa robar a jikin gilashi a kan tebur, a cusa ƙarfen adon tun a nan idan irin na Beetle ne, domin bayan an ɗora ba ya shiga. Sai a zura siririyar igiya mai ƙarfi cikin kwarin da zai ci leɓen ƙarfe, a zagaya da ita har bakunanta biyu su gitta juna a tsakiya. A shafa ruwan sabulu, ban da man inji, don mai yana cin roba. Ɗaya ya tsaya waje yana danna gilashin da tafin hannu shimfiɗe, ɗaya yana ciki yana jan igiyar sannu a hankali, leɓen robar yana hawowa kan ƙarfen taku bayan taku. A kusurwa ake gane gwani: nan igiyar ke ƙin zuwa, nan mai gaggawa ke yage robar ko ya ji ƙas! Shi ke nan, gilashi ya tafi.

Irin wannan roba ba gam take so ba. Abin da ake sa mata wani baƙin maiƙo ne da ba ya taɓa bushewa, a matsa shi ƙarƙashin leɓenta, musamman a kusurwoyi, don ya toshe hanyar ruwa kawai. A ganina babu ɓarnar da ta kai a cika wannan roba da gam ɗin yuretan. An ɗaure abin da aka ƙera don ya motsa, kuma ranar da za a cire gilashin sai an yanka robar, wataƙila a haɗa da fenti.

A farkon shekarun 1960 kamfanonin Amurka suka fara gajiya da roba. Gilashi ya yi girma ya lanƙwashe, tun daga Chrysler Imperial Airflow ta 1934 mai lanƙwasasshen gilashi falle ɗaya har zuwa Cadillac Eldorado ta 1953 wadda nata ya zagayo gefe, igiya kuma tana cin lokaci a layin haɗa motoci. General Motors ya fara manna gilashi kai tsaye a jikin mota da wani gam na kamfanin Thiokol, daga baya zaren butil ya yaɗu. William Sparks da Robert Thomas ne suka samar da butil a 1937 a kamfanin man Standard Oil, ya kuma fara yin suna a tiyub ɗin taya saboda ba ya sakin iska. Yana zuwa a naɗe, baƙi, mai danƙo kamar cingam, a shimfiɗa shi a gefen ramin da gilashin zai zauna, a danna gilashin a kai. Ko a mota iri ɗaya ana ganin sauyin: Mustang ta 1965 zuwa 1968 roba ce, ta 1969 mannawa ce.

Butil yana hana yoyo sosai, amma ba ya taɓa taurara. Zafi yana sa shi laushi, gilashin ya riƙa zamewa ƙasa idan babu 'yan tubalan roba da ke tallafe da shi, a haɗari kuwa yana iya sakin gilashin ɗungurum. Wannan ya zo daidai da lokacin da Amurka ta farka game da haɗarin mota. Ralph Nader ya fitar da littafinsa kan haɗarin motoci a 1965, aka yi dokar lafiyar ababen hawa a 1966, sannan a 1970 ƙa'ida mai lamba 212 ta fara aiki: a buga mota da bango a gudun kilomita 48 a awa, dole mafi yawan gefen gilashin ya kasance a maƙale. A 1973 ta 216 ta biyo baya, kan ƙarfin rufi idan mota ta kife. Yuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937, shekara ɗaya da butil, shi ne ya amsa wannan buƙata. Yana taurara ya haɗe gilashi da ƙarfe, har gilashin ya zama cikin abin da ke tallafar rufi, kuma a motoci da yawa da shi jakar iskar fasinja ke jingina idan ta buɗe. Baƙin zanen nan mai ɗigo-ɗigo da ke gefen gilashin motocin yanzu ba ado kaɗai ba ne, yana kare gam ɗin daga rana, wadda ke ruɓar da shi.

Gardamar gaske tana kan motocin zamanin butil. Masu son komai ya zama na asali suna da hujja mai ƙarfi: kaurin zaren shi ke tsayar da gilashin daidai inda ƙarfen ado zai kwanta a kansa. Ni dai ina tare da yuretan ga duk motar da za ta hau titi da mutane a ciki, balle a ƙasashen da mota ke wuni cikin zafin da ya haura digiri 40. Amma sai an biya shi haƙƙinsa. Tsohon gilashi ba shi da baƙin gefe, don haka dole a shafa masa baƙar firaima ta musamman. A kafa maƙalan ƙarfen ado tun kafin gilashi ya hau. A gwada gilashin a bushe tukuna, a manna tef a yi alama, domin sabon da ake ƙerawa yau yakan fi na da siranta, ya nutse ƙasa ya bar giɓi.

Silikon na banɗaki da tagar gida kuwa, a nisanta shi da mota. Warin tsamin da yake yi lokacin bushewa asid ne, yana haifar da tsatsa a leɓen da ake son karewa, kuma fenti ba ya kama wurin da ya taɓa. Leɓen ƙarfen nan shi ne tushen aikin duka: ƙasan kusurwoyinsa ne ruwa ke kwana, kuma yawancin yoyon da ake zargin gam da shi ƙananan hujojin tsatsa ne da aka rufe ba a walde ba. A kankare shi har farin ƙarfe, a cike hujojin da walda, a shafa firaima. Sannan a duba yanayi, domin yuretan da danshin iska yake taurara. Lokacin da aka rubuta a jikin kwali an auna shi ne da iska mai matsakaicin danshi, a busasshiyar iskar hunturu kuwa yakan ninka, don haka motar ta kwana a gareji, tagogi a ɗan sauke, kada buga ƙofa ya tunkuɗo gilashin.