Tsohon Babur da Tsatsar Tanki: Yadda Muka Iya Gyara Muka Kasa Ajiya

A yawancin tsofaffin unguwannin Kano, Zariya, Katsina ko Damagaram ba a rasa gidan da aka jingine wani tsohon babur a soro, taya ta sace, ƙura ta rufe shi, magada kuma suna cewa lafiyarsa ƙalau ranar da aka ajiye shi. Sau da yawa gaskiya suke faɗa. Idan aka kira bakanike ya kwance injin, sai a tarar fistin da giya suna da sauran rai, amma da an buɗe murfin tanki sai wani wari mai kama da na tsohon fenti ya bugi hanci, a haska tocila a ga cikin ya yi ja wur, ƙasansa kuma ya cika da ɓarɓashi. Abin da wannan rubutu yake son tabbatarwa shi ne, ajiya ce take kashe yawancin tsofaffin baburanmu tun kafin aiki ya kashe su, kuma dalilin haka yana cikin tarihin sana'ar kanikancin babur a ƙasar Hausa: sana'a ce da ta girma a kan mashin mai fita kullum, don haka ta ƙware a gyara, ba ta taɓa samun dalilin koyon ajiya ba sai a 'yan shekarun nan.

Babur ya daɗe a duniya kafin ya zama na kowa a wurinmu. A Jamus aka fara ƙera shi don sayarwa a 1894, kuma bayan yaƙin duniya na biyu kamfanonin Ingila irin su BSA, Triumph da Norton ne suke jan ragamar kasuwa. Vespa ta fito a Italiya a 1946, Honda Super Cub ta fito a Japan a 1958, daga nan kuma Japanawa suka ƙwace kasuwar har BSA ta durƙushe a farkon shekarun 1970. A Najeriya wannan sauyi ya zo daidai da lokacin arzikin man fetur. Kuɗin Udoji da gwamnatin Janar Gowon ta biya ma'aikata a 1975, haɗe da ariyas, ya sa malamin makaranta da akawu da malamin gona suka ajiye keke suka hau Honda, Suzuki, Yamaha ko Vespa. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta na haɗa babur a Ota ta Jihar Ogun, a Jamhuriyar Nijar kuwa ƙananan mashinan Faransa irin su Mobylette sun riga sun cika titunan Yamai da Maraɗi. Babur na wancan zamani kadara ne kuma abin ado. Ana wanke shi da safe, ana ɗaura masa leda a kan kujera, amma abin lura shi ne ana hawansa kowace rana, zuwa ofis, zuwa gona, zuwa masallacin Juma'a.

Wannan hawa na kullum shi ne ya ɓoye mana cutar. Tankin babur farantin ƙarfe ne mara kauri da aka matse gida biyu aka haɗa da walda, wajensa da fenti, cikinsa kuwa galibi ba shi da wata kariya ta kirki in ban da fetur ɗin da yake jiƙa shi. Murfinsa yana da ɗan ƙaramin rami da iska take shiga don mai ya sauko. Da rana iskar da ke saman man tana ɗaukar zafi ta fita, da dare tanki ya huce ya shaƙi sabuwa mai ɗauke da laima, laimar ta zama raɓa a bangon tanki ta gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka sai ya kwanta a ƙasa, a daidai layin walda da gefen famfon mai. A babur mai aiki wannan ruwa ba ya samun zama. Gargadar hanya tana kaɗa man yana wanke bango, 'yan ɗigon ruwan suna bin tiyo su ƙone a inji, gobe kuma a ƙara sabon mai. A babur da aka jingine, ɗigo yana haɗuwa da ɗigo wata da watanni, bangon da ke sama da man yana tsatsa saboda iska da laima, ƙasan kuma yana ciwuwa daga ciki har ya huje ƙanana kamar bakin allura. Tsohuwar Vespa da ake zuba wa mai gauraye da bakin mai ta ɗan fi samun sauƙi, domin maiƙon yana liƙe wa bango, amma Honda mai bugu huɗu da Yamaha mai tankin bakin mai daban, tsurar fetur ce a cikinsu.

Turawa da Amurkawa sun san wannan tun da wuri, kuma yanayi ne ya tilasta musu. Inda ƙanƙara take rufe hanya wata huɗu ko biyar, dole mai babur ya ajiye shi kowace shekara, don haka ajiyar hunturu ta zama al'ada mai ƙa'idoji, har kamfanoni suna ware mata shafi a littafin da suke bayarwa tare da mashin. Mu ba mu da lokacin da ake daina hawa. Masu ƙera babur ma sun fahimci haka. Lokacin da Honda ta fito da CG125 a 1975 domin ƙasashe masu tasowa, abin da ta sa a gaba shi ne inji mai jure lodi da ƙura da rashin canza bakin mai a kan kari, wato mashin da zai sha wahalar aiki. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya mayar da babur abin neman abinci, acaɓa a Najeriya, kabu-kabu a Nijar, sannan Jincheng da sauran na China suka shigo da araha, Bajaj ta Indiya ta biyo baya. Yaron da ya koyi aiki a gareji a wannan zamani ya iya sauke inji ya mayar a wuni guda, ya iya wanke kafireta ido rufe, domin abin da ake kawo wa maigidansa ke nan. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a shirya masa mashin zai ajiye shi shekara biyu.

Ajiya ta zo mana ne ta hanyar doka da tsada, ba shiri. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. A watan Yulin 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri saboda rikicin Boko Haram. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana goyo a kan babur, a 2015 kuma dokar ta-ɓaci ta hana zirga-zirgar babura a yankin Diffa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare, mutane da dama sun tura mashinansu cikin gida da ɗan man da ya rage a tanki, suna zaton kwana kaɗan za a sassauta. Ga kuma baburan da masu su suka tsufa ko suka rasu, 'ya'ya suka ƙi sayarwa don tunawa da mahaifi, amma ba su san abin da za su yi musu ba. Rabin tanki ko rubu'i shi ne mafi munin halin da za a bar babur a ciki, domin ga iska da yawa a sama, ga ruwa yana taruwa a ƙasa, kuma haka aka bar yawancinsu. Ƙarshen irin waɗannan shi ne hannun 'yan gwangwan, a auna a kilo.

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar mutanen bakin teku ce, ƙasar Hausa busasshiya ce, a hunturu ma leɓe tsagewa yake yi don rashin laima. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa jikin tsohon babur na Sakkwato ya fi na Legas kyau. Sai dai shekara ba hunturu ba ce kaɗai. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, iska a jiƙe take, soro mai daɓen ƙasa yana riƙe danshi, kuma damina ɗaya ta isa ta fara aikin da ba ya tsayawa. Bayan haka ba duk ruwan da ke tanki ne ya zo ta iska ba. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka da galan, da man gidan mai da ruwan sama ya tsiyaya cikin rumbunsa na ƙasa, da robar murfi da ta bushe ta tsage ruwan wanki yana bi, duk hanyoyi ne. Zafinmu kuma yana da tasa ɓarnar. A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, sassan fetur masu sauƙi suna tashi da wuri, abin da ya rage ya yi kauri ya zama danƙo mai launin ƙasa-ƙasa wanda yake toshe ƙananan ramukan kafireta. Bushewar ƙasarmu tana jinkirta tsatsa ne kawai, zafinta kuwa yana gaggauta lalacewar mai.

Wani kuma zai kawo shawarar da ta fi yawa a littattafan Turawa, cewa a cika tanki maƙil don kada iska ta samu wuri. Shawara ce ingantacciya ga ajiyar wata biyu ko uku, musamman idan an zuba maganin hana mai lalacewa, an kulle famfo, an tsiyaye man da ke kwanon kafireta. Amma an gina ta ne a kan gareji mai sanyi wanda yake nesa da wuta, da kuma fetur irin na da. Ko a can ma ta fara rauni tun da aka soma gauraya fetur da sinadarin etanol kashi 10 cikin 100, wanda ya zama gama-gari a Amurka, ya kuma zama man yau da kullum a Birtaniya daga Satumban 2021, domin etanol yana jawo laima, idan ya ƙoshi sai ya ware da ruwan ya kwanta a ƙasa. Mu kuwa mai babur bai da tabbacin abin da aka zuba masa, kamar yadda gurɓataccen man da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022 mai yawan metanol ya nuna. Ƙari a kan haka, lita goma ta fetur a soron da yara suke wasa, kusa da murhu ko janareta, haɗari ne da bai kamata a ɗauka ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ba mai son ya kulle kuɗinsa a man da zai lalace. Don haka ga doguwar ajiya a wurinmu hanya ta biyu ce ta dace: a juye man kakaf, a bar tanki a buɗe a inuwa mai iska nesa da wuta har ya bushe, a zuba ɗan bakin mai mai tsabta a jujjuya ya shafi ko'ina, a rufe, a riƙa maimaita jujjuyawar lokaci-lokaci. A cire batir, a ɗora mashin a kan tsayuwar tsakiya don taya ta huta, a shafa wa sarƙa mai, a lulluɓe shi da tsohon zane maimakon leda mai tara gumi. Tayar da inji na minti biyu kowane mako kuwa ba taimako ba ne, domin bai yi zafin da zai kori laima ba, ƙara tara ta yake yi a salansa.

Saura mai cewa duk wannan wahala ce, idan tanki ya ruɓe a sayi sabo. Ga Bajaj ko Jincheng haka ne, kasuwa cike take da su. Ga Honda Benly ko Roadmaster ko tsohuwar Suzuki ta shekarun 1970, an daɗe da daina ƙera tankinsu, kuma ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna aka dace da na hannu, shi ma yawanci a jingine ya shekara. Ana iya ceto wanda tsatsarsa ba ta yi nisa ba: a zuba kananzir da tarin ƙananan notuna a girgiza har ɓawon ya saki, a jiƙa da ruwan tsami mara ƙarfi irin binega, a ɗauraye, a busar nan take, a shafe da mai, sannan a sa matata a tiyo. Amma kowane wanki yana rage kaurin ƙarfen, ruwan batir da wasu kanikawa suke zubawa don sauri yana cin mai lafiya tare da mara lafiya, walda a tankin da bai rabu da tururin fetur ba kuma tana iya fashewa a fuskar mai yi. Rigakafi ya fi magani, a nan kuma rigakafin bai wuce aikin awa guda da rabin gwangwanin bakin mai ba.

Baburan zamanin Udoji sun kai shekara hamsin yanzu, kuma kullum raguwa suke yi. Shaida ne na lokacin da ƙaramin ma'aikaci ya fara mallakar abin hawa mai inji, kuma a wasu ƙasashe irinsu ne ake adanawa a gidajen tarihi. Kanikawanmu sun nuna za su iya raya inji shekara arba'in da kayan aiki kaɗan, don haka koyon ajiya ba zai gagare su ba idan ƙungiyoyinsu da iyayen gidan gareji suka sa shi cikin abin da ake koya wa yara. Wanda kuma yake da irin wannan mashin a gida, ya buɗe murfin tankin ya duba kafin damina mai zuwa, in da mai a ciki ya juye, ya busar, ya shafe.